Askar Baba a Cikin Akwatina

Baba mai aski ne, shekara arba'in yana sana'ar a shago ɗaya, gaban madubi ɗaya mai tsaga a gefe. Da zuciyarsa ta fara bugawa kamar tsohon janareta, ta yi gudu ta tsaya ta sake tashi, ni na raka shi asibiti, domin ni ce babbar 'yarsa kuma na fi kowa baki a gidan.

Likita ya ce irin wannan bugun yana sa jini ya yi guda a cikin zuciya, gudan kuma in ya tafi ƙwaƙwalwa sai ɓarin jiki ya shanye. Ba sai an yi mana dogon bayani ba. Baffa, yayan Baba, shekara uku ke nan yana zaune a kujera, hannunsa na dama a kan cinya ba ya motsi, kuma Baba ne ke zuwa ya aske shi duk Asabar. Likita ya rubuta ƙwayar tsinka jini, ɗaya kullum. Ya ce akwai sabuwa wadda ba ta buƙatar gwaji, amma ba ta zuwa wajenmu, don haka za a riƙa duba jinin duk mako biyu. Sai ya ƙara da cewa in Baba ya yanke, jinin zai daɗe bai tsaya ba, a kula.

Duk jawabin nan, "a kula" kawai na ji. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Ranar na kwashe aska da almakashi da reza na kulle a akwatina, na rufe shago. Na ɗaure kusurwoyin tebur da tsofaffin safa. Na hana shi tsinken sakace, na hana shi kifi saboda ƙaya. Kyanwar gidan ma na kai ta gidan ƙanwata, don tana da farce. Da sauro ya cije shi, mu uku 'yan gidan muka tsaya a kansa da auduga muna jiran ambaliya.

"Ke, 'yar nan," in ji Baba, "ni mutum ne ko ƙwai?"

"Ƙwai ne, Baba. Zauna."

Ya zauna kuwa, a benci a ƙofar gida, yana kallon masu zuwa wajensa suna wucewa da askin wani. Wani direba, abokinsa, ya wuce da ƙeya a karkace kamar an yi masa askin a cikin mota tana tafiya. Baba ya rufe ido, ya ce gara a ce bai gani ba. Baffa kuwa ya ƙi kowa ya taɓa masa fuska, gemu ya cika ya rufe masa baki.

Gwaji biyu na farko sun yi kyau, ni kuma sai hura hanci nake yi. A na uku, nas ɗin da ke duba jini, wata gajeriyar mata da kowa ke kira Sista, ta soki yatsan Baba, ta ɗiga jinin a na'urarta, ta ɓata fuska.

"Ya kamata lambar nan ta tsaya tsakanin biyu da uku. Ga ta a ɗaya. Baba, kana shan maganin kuwa?"

"Yana sha!" na yi caraf na amsa. "Da hannuna nake ba shi."

Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da gwangwanin hodar shagonsa, ya buɗe. Ƙwayoyi goma sha huɗu ne a ciki, sun yi fari fat da hoda. Ashe a kunci yake ɓoye su har in juya baya.

"Sista, jinin ya koma da kaurinsa, ko?" ya tambaya, har da murmushi. "To madalla. Ki ce wa wannan ta ba ni askata."

Mako biyu ke nan Baba yana yawo ba abin da ke tsare shi daga kujerar Baffa, ni kuma ina can ina ɗaure tebur da safa. Garin neman gira na kusa rasa ido.

"Wa ya hana shi aiki?" in ji Sista.

Na ce likita ne ya ce a kula.

"A kula aka ce, ba a ce a sa shi a kwali ba. Baba, a shekara arba'in sau nawa ka yanke kanka?"

"Sau biyu. Duka kuma wannan ce ke mini surutu a kai."

Sista ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta juyo gare shi, ba wasa a fuskarta. "In ka yanke yatsa, ka danne da auduga minti goma, in ya ƙi tsayawa ka zo. Amma gudan jini in ya shiga kai, ba inda za mu danne. Yau za ka koma kan maganin, kuma mako mai zuwa ina son ganinka."

A hanya ban ce uffan ba, abin da ya sa Baba ya tambaye ni ko ni ma a duba ni. Muna isa gida na buɗe akwati na miƙa masa kayansa. Kunya ta hana ni kallon idonsa.

Ko shago bai buɗe ba, gidan Baffa ya nufa, ina biye da shi da tawul. Baffa ya gan shi da aska, ya yi ƙoƙarin magana, kalmar ta ƙi fita daidai. Baba ya ce in kawo ruwa. Na ɗauka na kumfa ne, sai na ga ya ɓare ƙwaya ɗaya ya haɗiye a gaban yayansa, ya buɗe baki ya nuna mini babu komai a kunci. Sannan ya ɗaga hannun Baffa da ya shanye, ya gyara masa shi a ƙarƙashin tawul, ya fara shafa kumfa.