Jinin da Ya Dawo wa Malama

"Tun yaushe kike ganin jinin, Mama?" in ji likitar, idonta a kan takardar gwaji.

Malama ta juya ta kalli Maiɗinki, maƙwabciyarta, wadda ke zaune a kujerar roba rungume da jakunkunansu biyu.

"Kin fi ni riƙe lokaci. Ba sa'ad da kike ɗinka wa 'yan makaranta yunifom ba ne?"

"Na bara," Maiɗinki ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wata goma sha huɗu ke nan."

Likitar ta ajiye biro. Yarinya ce, da kaɗan ta girmi autar Malama. Ta juya bayan takardar, ta zana wani abu kamar ƙwan fitila a kife.

"Wannan ita ce mahaifa. Ciwon ba a bakinta yake ba, a ciki yake, a shimfiɗar nan da ke zubewa duk wata lokacin da mace take al'ada. Ɗan naman da muka ɗiba muka kai gwaji ya nuna kansa ce. Mace in ta daina al'ada, ko ɗigo ɗaya ta gani bayan nan, asibiti ya kamata ta zo. Sau da yawa ba kansa ba ce. In ma ita ce, aka kama ta da wuri, cire mahaifar kawai ake yi, mata da yawa su koma harkokinsu."

"Tawa fa?"

Likitar ta gyara zama. "Hoton ya nuna ta fita daga mahaifar, Mama. Za mu yi aiki, mu bi da magani. Amma ba zan ɓoye miki ba, ta yi nisa."

Malama ta gyaɗa kai yadda take yi wa yaron da ya ba da amsa daidai. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da 'yan aji uku, rabin magidantan layinsu ta hannunta suka koyi rubuta sunansu. Mace ce mai jiki, mai ciwon suga, mai muryar da in ta kira jikanta daga ƙofar gida sai yaran gida uku su amsa. Ranar kuwa ta ninke takardar sau huɗu, ta miƙa wa Maiɗinki ta sa a jaka.

A motar haya, Maiɗinki ta jingina goshi da gilashi, tana ganin safiyar nan ta bara kamar yanzu ake yin ta. Bayan gidajensu katanga ce gajera, famfon kowacce a gindinta, nan suke hira shekara ashirin da biyu. Malama ta leƙo da kumfa a hannu tana dariya.

"Ke, ƙuruciya ta dawo min. Shekara tara rabona da abin nan, jiya sai ga shi."

Ita kuma, tana matse zani, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba komai ba ne, Yaya. Gajiya ce. Gwaggona ma ta yi haka."

Sai a cikin motar nan ta tuna ba ta taɓa tambayar abin da ya kashe gwaggon ba.

Aka yi aikin, aka cire mahaifar. Aka fara ƙara wa Malama ruwan magani ta jijiya duk bayan mako uku. Gashinta ya bi mataji, abinci ya daina zama. Maiɗinki ta kwashi rigunanta ta rage musu faɗi, bayan wata guda ta sake ragewa. A karo na uku ta tsaya da almakashi a hannu, ta ga in ta ƙara, hannun rigar zai haɗe da wuya.

Wata rana da azahar mijin Malama ya shigo shagon Maiɗinki. Direban bas ne da ya yi ritaya, mutum mara yawan magana, kowa Direba yake kiransa. Ya miƙa mata wando, wai a duba masa aljihu. Ta zura hannu, ta juya, aljihun lafiyarsa ƙalau. Ya tsaya yana kallon zaren da ke jere a kanta.

"Ke kika shiga wurin likitar da ita," ya ce. "Wannan ciwon, daga namiji ake ɗauka?"

"A'a, Baban Auta. Na tambaya. Ta ce irin wannan ba ɗauka ake yi ba. Shekaru ne, da jiki, da sugan nan, su ke ƙara haɗarinsa. Wata ma ba ta da ko ɗaya yake kama ta."

"Haihuwa shida fa? Ba ita ta gajiyar da wurin ba?"

"Ta ce ba ita ba ce."

Ya ɗauki wandonsa ya ninke a hankali. "Gado ɗaya muke kwana. Shekara guda da wani abu tana wanke zanin gado kafin in tashi, ina cewa tsabta ce ta yi mata yawa." Ya fita bai jira amsa ba.

Bayan ruwan magani na huɗu Malama ta ce ya isa. Numfashinta ya fara gajarta, likitar ma ba ta ja da ita ba, ta rubuta maganin rage zafi. Aka sauko da katifa falo saboda ta riƙa ganin ƙofa. A makon ne Auta, ƙaramar 'yarta da ke aure a wani gari, ta iso da jaririya a baya. Ta durƙusa ta karanta takardun asibiti ɗaya bayan ɗaya, ta kai wurin da likita ta rubuta tsawon lokacin.

"Wata goma sha huɗu, Mama? Babu wanda kika faɗa wa?"

Maiɗinki tana bakin ƙofa da kofin ruwa.

"Babu," in ji Malama.

"Ko Anti da kuke tare dare da rana?"

"Na ce miki babu. Miƙo min 'yar nan in ga hancin wa ta ɗauko."

Kwana uku Maiɗinki tana shiga tana fita da maganar a maƙogwaro. Ran na huɗu Auta ta tafi karɓo magani, Direba yana waje a kan benci. Maiɗinki ta zauna a ƙarshen katifar, ta ɗora ƙafafun Malama a cinyarta tana shafa musu mai. Sun kumbura, in ta danna yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba.

"Yaya, me ya sa kika ce mata babu?"

"Me zai ƙara mata?"

"Ni na ce miki ba komai ba ne."

"Kin faɗa." Malama ta ja numfashi, ta jira ya daidaita. "Kin faɗa, kuma akwai ranakun da nake kwance nan ina jin haushinki. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Maiɗinki ta sunkuyar da kai, hannunta bai daina shafar ba.

"Amma ke, asibitin unguwa taku nawa ne daga nan? Nas ɗin da ke ciki ni na koya mata ƙirga. Ban je na tambaye ta ba. Ke na leƙo na tambaya, don na san abin da za ki ce, shi kuma nake so in ji. Wata na bin wata ina gani, ina cewa ai Maiɗinki ta ce gajiya ce." Ta ɗan yi murmushi. "Ki ga fa, malamar makaranta ta kai ciwonta wurin tela."

Maiɗinki ta yi dariyar da ta zo da hawaye, ta share da bayan hannu, man ya shafe mata kunci.

"Ki yafe min."

"Na yafe tun tuni. Haushin ne yake zuwa yana tafiya, kamar ciwon. Danna min nan, wajen diddigen."

Bayan kwana tara, da hantsi, abin ya zo. Tun safe Malama ta daina karɓar ruwa, sai dai a jiƙa auduga a goga mata a leɓe. Direba yana zaune a ƙasa ta wajen kanta, ya riƙe hannunta da hannu biyu. Auta tana gefe tana karanta mata addu'a a kunne. Ta taga ana jiyo yaran makarantar ƙarshen layi suna rera jadawalin sau bakwai, suna jan kowace lamba. Leɓen Malama ya motsa. Auta ta kai kunne.

"Me ta ce?" Direba ya tambaya.

"Wai sun tsallake bakwai sau shida."

Ba ta sake magana ba. Numfashin ya riƙa zuwa da tazara, tazarar tana ƙara tsawo, har aka jira na gaba bai zo ba. Direba ya daɗe bai saki hannun ba. Maiɗinki ce ta tashi ta rufe fanka, don zanin da aka lulluɓa mata yana ta ɗagawa.

Mutane sun cika layin har bakin titi. Manya-manyan maza da furfura a gemu suna cewa ita ta koyar da su. Maiɗinki ta yi ta dafa ruwan zafi, tana wanke kofuna, tana nuna wa baƙi banɗaki. Da ƙafa ta ɗauke, bayan kwanaki, ta shiga ta tarar da Auta ita kaɗai a falo, tana ƙoƙarin ɗaga katifar.

Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Auta, akwai maganar da zan faɗa miki. Mamanki ta gaya min. Tun ranar farko ta gaya min, ni na ce mata gajiya ce."

Auta ta saki katifar. Ta kalle ta, kallo mai tsawo, idonta a bushe. Jaririyar ta motsa a bayanta, ta kai hannu ta bubbuga ta ba tare da ta ɗauke ido ba. Maiɗinki ta jira, ko zagi ne, ko kuka, ko a ce ta fita.

"Kama can gefen, Anti," Auta ta ce. "Ni kaɗai ba zan iya ba."

Suka ɗaga. Katifar ta lanƙwashe a ƙofa, suka karkata ta, suka fito da ita tsakar gida suka jingina a inda rana ta fi bugawa. Auta ta koma ciki. Maiɗinki ta tsaya tana haki. A tsakiyar katifar akwai lotsawar da jikin Malama ya bari, 'yar ƙarama, kamar ta yarinya 'yar shekara goma da ta kwanta ta gefe ta naɗe ƙafafu. Rana ta haske ko'ina, ban da cikin ramin.