Ɗigo-ɗigon da Suka Nufi Babura

Babu mahaluƙin da zai iya kutsawa cikin wannan na'ura, ko daga wace ƙasa yake. Haka Dakta Jalaluddeen, mai bincike daga wata jami'a, ya shaida wa makiyaya a Kazaure, ranar da aka rataya wa shanunsu na'urorin wuya masu nuna inda kowace saniya take a fuskar waya. An yi tafi, an raba lemo.

Binciken Dakta ya tanadi maganin masu kutse daga ƙetare. Bai tanadi komai ba game da rumfar cajin waya ta kasuwar Roni, inda Halliru, ɗaya daga cikin makiyayan, ke barin tasa ba makulli, domin a wurinsa kulle waya a gaban idon sani daidai yake da kiran mutum ɓarawo.

Ran nan da ya karɓo ta bayan azahar, ya tarar da taswirar shanun a buɗe, alhali ba shi ya buɗe ta ba. Mai rumfar ya ce mutane da yawa sun zauna a bencin, har da wasu baƙi biyu da suka yaba kyan wayar.

Ɗigo-ɗigon da ke nuna shanun ba sa gindin duwatsun da yayansa Hussaini ke kiwo. Sun miƙi hanyar garin Babura a jere, da irin saurin da saniya ba ta yi sai an kora ta. Ya kira Hussaini. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Sai ya kira Dakta.

"Ranka ya daɗe, ana kora shanun, Yaya kuma ba ya ɗauka."

"Amma kana ganinsu a wayar?"

"Ina gani."

"To ka ji. Sabis bai yanke ba ko a cikin duwatsu. Abin da muke son tabbatarwa ke nan."

Halliru na bayan ɗan acaɓa yana bin sawunsu, sai ɗigo-ɗigon suka tsaya cak, suka cure wuri guda. Dabba mai rai ba ta tsayuwa haka. Ya ce wa ɗan acaɓan ya ƙara wuta.

A gindin wata tsamiya suka same su. An yanke na'urorin an rataye a reshe, suna ta ƙyafta koren haske. Hussaini na ɗaure da rawaninsa, jini ya bushe a goshinsa, amma da rai. Ya ce mutanen ba su yi nema ba, kai tsaye suka zo. Halliru ya sunkuya yana kwance ƙullin, bai ɗago ba.

Dakta ya bugo ya jajanta. Ya ce wannan darasi zai shiga sahun gaba a binciken baɗi, sannan ya roƙi a maido na'urorin, kayan shirin ne.

Halliru ya ɗora yayansa a babur zuwa asibiti. Ya zuba na'urorin a buhu, ya saɓa a kafaɗa, ya kama hanya a ƙafa. A fuskar wayar, garken gaba ɗaya na tafe tare da shi, ko ɗaya bai ɓata ba.