Mai Wankan Ramlatu

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikoki.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, ku matso.

Saudatu na tsakar shanyar wanki a bayan ɗakinta na gwangwani, nan unguwar Mansur a Makka, sai ga Ramlatu da ƙunshin farin yadi a hammatar hagu. Lokacin bai fi shekara biyu da rasuwar tsohon sarkin ƙasar ba. Matan nan biyu a gonakin auduga na Sudan suka haɗu, suka ƙaraso Makka tare da ƙafa. Ramlatu ta kama suyar gyaɗa. Saudatu kuwa unguwarzoma ce, kuma ita ke wa matan Takari, wato mutanenmu mazauna can, wankan gawa.

"Yaya, likkafanina ne," in ji Ramlatu. "Na jiƙa shi da Zamzam, ya bushe. Ki ajiye mini. Ke za ki yi mini wanka, ban yarda da hannun kowa ba."

"Yau kuma mutuwa kika tashi da ita? Miƙo."

Ta miƙo da hagu. Saudatu ta tsaya tana kallonta. Shekara ashirin da wani abu ba ta taɓa ganin matar nan ta ba mutum abu da hagu ba.

"Me ya sami daman?"

"Ba komai."

"Shiga ɗaki."

Ai fa sai gardama. Ramlatu ta ce gyaɗarta na kan wuta, ta ce ita ba yarinya ba ce, ta ce ba ya ma ciwo. Wannan ta ƙarshen ce Saudatu ba ta so ji ba. Ta ja ta ciki, ta ɗage labule don haske ya shigo, ta zaunar da ita bakin gado.

"Sauke zanen. Ni na karɓi haihuwar ɗanki Lurwanu, me ya rage ban gani ba?"

Ta fara da ido, tana gwada wannan da wancan. Kan nonon dama ya ɗan shige ciki, ya karkace gefe. Ta ce ta ɗaga hannuwa sama. Da ta ɗaga, sai fatar gefen ta lotsa, kamar an ja ta da zare daga ciki. Saudatu ta shimfiɗa yatsu ta bi a hankali, ta same shi: ƙullutu kamar goro, mai tauri, ba zafi, ba ja. Ta lalubi hammata, ta sake lalubawa. Babu kaluluwa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi. Ina shafa masa Zamzam da habbatussauda."

"Wata biyar, Ramlatu. Wata biyar kina zuwa nan kina cika mini kunne da tsadar gawayi."

"Na ce miki ba ya ciwo."

"Da yana ciwo ai da na yi murna. Mai ciwo ƙurji ne, ya nuna, ya fashe, a huta. Wannan daji ne. Na wanke mata huɗu masu shi. Nasu fatar ta zama kamar ɓawon lemo, hammata ta cika, ɗaya har ya ɓule. Naki bai kai can ba. Akwai hakim a Jidda, babban likita, da ke cirewa. Yau za mu."

Ramlatu ta ja zane ta ɗaure tam. "Jidda? Jidda ba ta cikin Harami."

Kun san mutanenmu na wancan zamani. Da yawa ba don su koma suka zo ba. Burinsu ajali ya same su a cikin iyakar Makka, har akwai waɗanda ko ziyarar 'yan'uwa ba sa fita, don gudun kada ya riske su a waje.

"Shekara shida na yi a hanya," in ji Ramlatu. "Na binne miji a bakin teku, ya cika yana hangen jirgi. Yanzu in ɗauki ƙafata in fita, a yanka ni in mutu a Jidda? Kuma namiji ya buɗe ni?"

"Ubangijin Makka bai san hanyar Jidda ba ne?"

"Yaya, kar ki yi saɓo."

"Ke ce za ki koya mini saɓo, mai ɓoye cuta ta zo da yadi?"

Hayaniyar ta jawo Lurwanu, ɗan Ramlatu, direban babbar mota mai jigilar kaya tsakanin Makka da Jidda. A nan ya girma, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya tsaya a ƙofa, Saudatu ta faɗa masa komai ba ta rage ba.

"Ya Ummi, bayan la'asar zan tashi," ya ce. "Akwai wuri a gaba."

"Yi mini shiru."

"Tayyib." Ya sunkuyar da kai. Ƙato mai gemu, kalma ɗaya ta gama da shi. Saudatu ta harare shi, ta ga ba taimako daga nan.

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce in ma ta Allah ta kasance, ita da kanta za ta riƙo ta a motar nan har maƙabartar Ma'ala ta Makka a binne ta. Ramlatu ta ce binnewa daban, cikawa daban. Har aka kira azahar suna wuri ɗaya.

Sai Saudatu ta ɗauki ƙunshin ta dire mata a cinya.

"Ɗauki kayanki. Ki zauna ki mutu a Makka. Amma ba da hannuna ba."

"Me kike nufi?"

"Na ga ƙarshen abin nan sau huɗu, ba zan gan shi a jikinki ba. Ki nemi wata. Akwai matan da ke wanke baƙin alhazai, ba su san sunanki ba, ba sa jin Hausa, goma suke yi kafin la'asar. Su za su juya ki."

"Ba za ki iya ba."

"Wallahi in kika ƙi zuwa, ko ruwa ba zan ɗebo ba."

Ramlatu ta san ta, ba ta rantsuwa a banza. Ta daɗe tana kallon yadin, tana murza bakinsa da yatsa.

"In na je fa?"

"In kika je, ko a ina ne, ko yaushe ne, ni ce."

"Muguwar tsohuwa," in ji Ramlatu. "Lurwanu, je ka sauke mini gyaɗar nan, na san ta ƙone."

Bayan la'asar suka tashi su uku a gaban mota. Da suka zo alamun iyakar Harami, Ramlatu ta rufe ido, ta damƙe hannun Saudatu har ya yi shaida, ba ta buɗe ba sai da ta ji ƙamshin teku.

An yi aikin. Ta yi kwana arba'in a Jidda, ta dawo da nono ɗaya da hannun da ba ya ɗaguwa sosai, ta yi wata biyu ba ta gaida Saudatu saboda zancen hakim namiji. Lurwanu ya yi aure a shekarar, ya haifi 'ya'ya biyar. Ramlatu ta ƙara shekara tara tana suyar gyaɗa da hagu, ta rasu a ɗakinta a Mansur, ranar wata Talata. Saudatu idonta ya riga ya tafi a lokacin. Da lalube ta yi mata wankan, tana yi tana yi mata faɗa.