Kabarin Sukhdeo

Ranar Litinin abin ya fara. Tun safe ake yayyafi, gajimare ya sauko kan tsaunin har mai tsayuwa a shagon shayi ba ya hango rufin coci.

Da yamma matasan coci suka taru. Da aka gama waƙa aka jingine ganga, shugabarsu Zothanpari ta ce kowa ya tashi ya faɗi wanda ya yi wa maganar Yesu a watan, tunda ba fasto kaɗai aka aika ba. Wata ta ce tana karanta wa makauniyar unguwarsu Littafi Mai Tsarki. Wani ya ce ya yi addu'a da direban motar kasuwa. Sanga yana bencin baya yana kaɗa ƙafa. Shi tun yana aji takwas ya bar makaranta, ya taɓa kanikanci, ya taɓa yaron mota, babu inda ya zauna.

"Ku ƙyale Sanga," in ji abokinsa Ruata. "Shi a shagon shayi yake wa'azinsa. Kofuna yake yi wa."

"Sun tuba kuwa?" wata ta tambaya.

"Biyu har sun fashe don nadama."

Aka kwashe da dariya, har Zothanpari ta rufe baki da hannu. Sanga ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Sukhdeo ya karɓi Yesu," ya ce. "A gabana ya faɗa."

Kowa ya san Sukhdeo, leburan hanya, ɗan Hindu daga can ƙasar kwari, wanda ke fasa dutse a kwanar da ke ƙasan ƙauye. Kuma kowa ya san Sanga ne kaɗai ke jin yaren leburorin sosai. Sai tafi ya ɓarke a ɗakin. Ruata ya rungume shi yana cewa, "Shege, ashe kana aiki a ɓoye!"

Gaskiyar ita ce Sanga da Sukhdeo suna zama tare, suna shan shayi a bakin tantinsa. Sau ɗaya Sanga ya buɗe baki zai yi maganar Yesu, kunya ta kama shi, ya ɓuge da tambayar ko guduma tana da nauyi. A ranar ma Sukhdeo ne ya yi maganar addini. Ya ba shi labarin yadda ya ƙona gawar mahaifinsa da hannunsa, ya kai tokar babban kogi. "Ni ma haka za a yi mini, ƙanena," ya ce. "In ba haka ba, tsohuwata ba za ta ƙara barci ba."

Sanga ya yi niyyar gyara abin. Ya ce a ransa zai yi masa maganar da gaske, in ya karɓa shi ke nan ƙarya ta koma gaskiya. Kullum sai ya ɗaga zuwa gobe. Ga shi tsofaffi sun fara tsayar da shi a hanya suna sa masa albarka, kakarsa kuma ta fara zuba masa kyafaffen nama a kan shinkafa ba tare da ya roƙa ba.

Sai ruwa ya tsananta. Sauran leburori an kwashe su zuwa wani aiki a bayan tsauni, aka bar Sukhdeo yana gadin kaya. Wata safiya gefen tsaunin ya zaftaro, ya rufe tantin, ya datse hanya, ya kayar da turakun waya. Samari suka tono gawar Sukhdeo da hannu da shebur kafin rana ta ɗaga.

A ƙauyen ba a tambayar abin da za a yi da gawar baƙo. Ana sare gora a ɗaure makara, samari su ɗauka a kafaɗa zuwa ƙauyen gaba, na can su karɓa su kai na gaba, har ya isa hannun mutanensa. Har an fara sarar gorar sai dattijon coci, Thanzauva, wanda don girmamawa ake kira Pu Thanzauva, ya iso da sandarsa.

"Ina za ku kai shi? Ai ba baƙo ba ne yanzu, ɗan'uwanmu ne. Mutanensa in sun ji ya bar addininsu ƙila ko taɓa shi ba za su yi ba." Ya juyo. "Sanga, ɗana, baftisma dai ba a yi masa ba. Amma da bakinsa ya faɗa, ko?"

Duk suka zuba masa ido, jikinsu duk laka. Ruata yana riƙe da adda, gora a ɗaya hannun. Da ya ce a'a, kalma ɗaya, da an ci gaba da sara. Sanga ya dubi ƙafar Sukhdeo da ta leƙo daga ƙarƙashin buhu. Ya dubi Zothanpari tana share hawaye. Ya gyaɗa kai.

Aka ajiye gora aka ɗauko katako. Wata tsohuwa ta ba da allunan da ta tanada don akwatin gawarta. Mata suka rufe shi da saƙaƙƙen zane mai ja da fari. Sanga ya fi kowa haƙar kabarin, bai yarda a karɓe shi ba har tafin hannunsa ya sale.

"Kai, fito ka huta, mai bishara," in ji Ruata. "Ka bar mana ladan mu ma."

Bai fito ba. A cikin ramin ba wanda ke ganin fuskarsa.

Da aka buɗe hanya, wani mutum ya sauko daga motar kasuwa da ƙullin kaya da ƙaramin tulun tagulla. Yayan Sukhdeo ne, sunansa Jagdeo. Aka zaunar da shi a gidan Pu Thanzauva, aka kawo shayi, aka aika a kira Sanga ya yi tafinta.

"Tambaye su ina suka ajiye shi," in ji Jagdeo. "In ba itace a nan, zan saya."

Pu Thanzauva ya ce, "Faɗa masa ya kwantar da hankalinsa. Ƙanensa ya mutu cikin Ubangiji, mun binne shi kamar ɗanmu."

Sanga ya tsaya a tsakaninsu. Ya ga zai iya juya maganar kowa yadda ya ga dama, babu mai ganewa. Sai ya ga yadda Jagdeo ya riƙe tulun da hannu biyu a kan cinyarsa.

"Pu," ya ce. "Ban taɓa yi masa maganar Yesu ba. Ko sau ɗaya. Dariya aka yi mini na faɗa."

Dattijon ya ɗago ya dube shi. Matarsa da ke bakin murhu ta ajiye ludayi.

"Ka san abin da yake so a yi masa?"

"Na sani, Pu."

"Wa ya ce ka kawo mana mutum? Cewa aka yi ka faɗa masa kawai, ka kuma yi masa hidima. Da ka ce ka ji kunya, ai mu ma duk mun taɓa ji." Ya nuna baƙon da haɓa. "Juya ka gaya masa. Da yarensa. Kada ka rage komai."

Sanga ya gaya masa. Jagdeo bai yi ihu ba. Ya dai tambaya, "Kai ne Sanga? Ya ce yana da ƙane a nan." Pu Thanzauva ya cire hularsa ya ce za su tono shi da kansu, su tara itace. Jagdeo ya girgiza kai, ya ce an kwana da yawa, ba zai iya kallon abin da zai fito ba. Ya nemi a nuna masa wurin. Can ya durƙusa ya ɗebi ƙasar kabarin ya zuba a tulu, ya koma bakin hanya ya jira mota, bai taɓa shayin ba.

Ranar Lahadi Sanga ya tashi a gaban ikilisiya ya maimaita abin da ya faɗa. Ba wanda ya zage shi. Ruata ya matsa ya ba shi wuri a benci.

Abin da aka rasa ba ɓoyayye ba ne. Sukhdeo bai samu wutarsa ba, bai samu koginsa ba. Tsohuwarsa ta karɓi tulun ƙasa maimakon ɗanta. Mai allunan ta rasa akwatinta. Leburorin da suka dawo aikin kwanar sun daina hawowa shagon shayi, in ɗan coci ya doshi tantinsu sai su shige ciki. Sanga kuma ya rasa mutum ɗaya da ke ce masa ƙanena, wanda da ya yi masa maganar, da ya saurara.