Hular da Surukin Dudek Ya Ɗinka

A Ohio ta wajen 1904, 'yan ƙwallon da ake runguma ana gudu ana gwara kai ba su san hular kariya ba. Gashi suke tarawa. Tun bazara mutum zai ƙaurace wa wanzami, wai sumar ce za ta tare masa duka idan wasa ya fara da kaka. A ƙungiyar ma'aikatan narkar da ƙarfe ta garinsu ba wanda ya kai Alvin Dudek suma, kuma yana ji da ita ba kaɗan ba.

Sai aurensa ya taso. Uwar amarya ta kafe kai da fata cewa ango mai kama da tsintsiya ba zai shiga coci da 'yarta ba. Amaryar, Lottie, ta zaunar da shi a kujerar ɗakin girki, wai za ta ɗan rage baki-baki. Ta rage dama, hagu ya fi tsawo, ta koma hagu. Kafin a ankara fatar kai ta bayyana.

"Lottie, kin kashe ni! Saura kwana tara mu kara da masu haƙar kwal!"

"To ai zai tsiro."

"A kwana tara? Ciyawa ce?"

Tsoho Gruber, uban Lottie, baduku ne mai ɗinka kayan doki. Sai ya zaro igiya ya auna kan angon. "Da sauƙi," in ji shi. "Na yi wa waɗanda suka fi ka taurin kai." Ya ɗinka masa hula da fatar linzami, ya cusa ulu a ciki, ya sako marfi biyu a kan kunnuwa.

Ranar wasa, da shugaban 'yan wasansu Mulcahy ya hango shi, dariya har da riƙe ciki.

"Jama'a, wa ya sako mana doki fili? Dudek, dusa za a kawo maka ko ciyawa? Mata ta aske shi, suruki ya sa masa linzami. Aure ke nan!"

Kunya ta kama Alvin kamar ƙasa ta tsage. Ya kai hannu zai tuɓe, sai ya hango tsohon a bakin fili ya zuba masa ido, ya fasa. A wasan nan takalmi ya sauka masa a tsakiyar ka. Fatar hular ta dare, shi kuwa ya miƙe ya ci gaba da gudu. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wasa da hula, sunan Doki ya bi shi har gida, kuma bai daina yi wa Lottie mitar askin nan ba.

Bayan shekara talatin da wani abu, Alvin ya je gidan 'yar Mulcahy don ya gaishe shi. Ya same shi zaune a baranda, hannu na karkarwa.

"Mulcahy, ni ne. Doki."

Mulcahy ya daɗe yana kallonsa. "Bawan Allah, ba ka ga inda suka kai min mamata ba?"

Shi ne na huɗu cikin abokan wasansa da Alvin ya tarar a wannan hali. Dukansu huɗun sun sha gwaren kai ba hula, ga shi yanzu hankali ya gushe.

Da ya koma gida Lottie na feraye dankali. Ya ɗauko almakashi ya miƙa mata, ya ja kujerar nan ya zauna.

"Me kuma?"

"Aski."

"Wane gashin ya rage maka, tsoho?"

"Na wancan karon ne ban yi godiya ba. Na gode, Lottie. Allah ya jiƙan Baba Gruber."

Ta ajiye almakashin, ta ɗora tafin hannunta a kan sanƙonsa. Shi kuwa, don ya gwada ƙwaƙwalwarsa, ya shiga kiran sunayen 'ya'yansu biyar a hankali, daga babba zuwa auta, bai tsallake ko ɗaya ba.