Madaurin da Ya Tona Asirin Kamilu

Kamilu direban bas ne tsakanin Yako da Ƙafin Maiyaki. Ƙanwarsa Hamdiyya ta kawo masa wani lallausan madauri mai ɗan haske, mai auna bugun jini a wuyan hannu, wai da gyangyaɗi ya zo sai ya yi ƙara.

"Ni da gyangyaɗi? Allah ya kiyaye!" in ji Kamilu, amma ya ɗaura.

Sati guda a hanya, shiru. Ran Juma'a ya je gaida surukinsa Malam Rufa'i, tsohon ya ɗauko tarihin gonarsa. Kamilu na ta gyaɗa kai kamar kullum, sai abin ya tsala ƙara. Dole ya yi bayani.

Tsohon ya ce, "Af! Shekara bakwai ina yabon ladabinka, ashe barci kake yi!"