Abin da Aka Yanke Daga Muryar Baba

Karo na huɗu ke nan Almakashi tana mayar da muryar Baba baya, tana neman daidai inda harshensa ya harɗe. Ta danna dogon maɓalli, murya ta tsaya. Ta matsa da kibiya kaɗan-kaɗan, Aku yana zuba mata lissafi a kunnen hagu: minti shida, daƙiƙa goma sha ɗaya. Ta sa alama, ta ƙara gaba, ta sa wata, ta yanke abin da ke tsakani. Daƙiƙa tara na shiru da laluben kalma suka fita. Ta liƙa bakin nan da wancan, ta saurara, jimla ta miƙe sumul kamar ba a taɓa ta ba.

Aku shi ne sunan da ta raɗa wa manhajar da ke karanta mata duk abin da ke fuskar kwamfuta, don rabonta da gani tun tana 'yar shekara bakwai. Ta ƙure masa sauri, har wanda ya ari abin kunnenta ba ya jin komai sai yayyafi a kan kwano. Ita kuwa a gidan rediyon nan aka sa mata Almakashi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma sunan ya bi ta har masu gadi ba su san na yankanta ba.

Ɗakin tace shirye-shirye yana can ƙarshen baranda, bangonsa duk soso ne da ya fara marmashewa. Akwai fanka, amma ba a kunna ta, don iskarta tana shiga makirufo. Tun safe Almakashi take zaune a nan, wuyanta ya riƙe, shayinta ya huce a inda ta ajiye shi. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Shekara talatin Baba yana karanta wasiƙun masu sauraro, kullum ƙarfe biyar na yamma, minti goma sha biyar. A da, idan ya shiga ɗan ɗakin ɗaukar murya, minti goma sha shida ya fito, ita kuma ta cire tari ɗaya da ƙarar takarda, shi ke nan an gama. Yanzu ɗanyen ɗauka yana kai minti arba'in. Kalma takan ɓace masa a tsakiyar jimla. Wata ya tauna ta, ya wuce, bai ma san ya tauna ba. Da yake ita ke ɗaukarsa, ita ke gyarawa, babu kunne na uku da ya taɓa jin abin. A baranda kuwa gaisuwa kawai yake yi da mutane, gaisuwa ba ta tona kowa.

Ba wanda ya sa ta. Ita ta buɗe wata ma'ajiya a kwamfutar, ta tara kalmominsa masu kyau daga tsofaffin shirye-shirye: sallamarsa, “masu sauraro”, “madalla”, kwanakin mako, har da 'yar dariyar da yake yi in wasiƙa ta ba shi nishaɗi. In ya ɓata kalma yau, sai ta ɗauko ta shekara uku baya ta dasa. Har shirun ɗakin ta ajiye, tana cusa shi a mahaɗa don kada a ji ɗinki. Aikin minti goma sha biyar yana cin mata awa uku, kafin ta taɓa labarai da tallace-tallace. Maigidanta ya daina tambayar abin da ke tsayar da ita, sai dai ya ce a gaishe da kwamfuta.

Ƙofa ta buɗe ba sallama. Turaren ya riga shi shigowa, ta san Manaja ne.

“Malama Almakashi, ana ta fama?”

“Ana ciki, yallaɓai.”

“Albishirinki. Ranar Asabar, cikar gidan nan shekara talatin, Baba zai riƙe mana awa biyu kai tsaye. Masu sauraro su bugo waya, ya amsa musu da bakinsa.”

Ta zame abin kunnen zuwa wuya.

“Kai tsaye?”

“Shi ya nema da kansa. Ni ma jiya a mota na saurare shi, na ce tsohon nan ko gezau. Yaran da muke ɗauka yanzu ba su kama ƙafarsa ba.”

“Yallaɓai, da an bari na ɗauka tukuna, sai a sa a ranar. Ya fi tsafta.”

“Ke dai ba kya son a yi abu babu almakashinki a ciki.” Ya yi dariya. “Ki huta ranar. An riga an ba da sanarwa, gobe za ta fara fita.”

Ya tafi ya bar ƙofa a buɗe, kamar yadda ya saba, sai ta tashi ta rufe da kanta.

Ta dawo ta zauna, hannunta a kan maɓallai, ba ta danna komai ba. Haushi ya kama ta, kuma ba haushin Manaja ba ne. Shi abin da aka ba shi ya ji, ya yaba. Ita ce ta wanke, ta goge, ta miƙa. In ta yi shiru, ranar Asabar gari duka zai ji Baba yana lalube awa biyu, yara su naɗa a waya suna yaɗawa. In ta kai wa Manaja ɗanyen ɗauka, kafin ƙarshen mako za a rubuta wa tsohon takardar godiya a raka shi bakin ƙofa. Wannan mutumin ne ya tsaya mata lokacin da ake cewa ina makauniya ina aikin kwamfuta, ya ce a ba ta kujera mako ɗaya a gani. Ta ɗauka alherinsa take ramawa.

Wajen ƙarfe biyu ta ji tafiyarsa a baranda. Takalmin dama yana sauka, na hagu yana ɗan jan ƙasa. Ya ƙwanƙwasa, shi kaɗai ne mai yin haka a gidan.

“'Yata, kin ji labari?”

“Na ji, Baba. Shigo ka zauna.”

Kujera ta yi ƙara. Ta ji yana warware takarda.

“Na rubuto tsofaffin waƙoƙin da za ki nemo min. Zan nuna wa yaran nan yadda ake riƙe... yadda ake riƙe...” Ya ɗan buga yatsa a tebur. “Abin maganar nan.”

“Makirufo.”

“Shi. Ai da a kai tsaye muka tashi, ba wannan yanke-yanken naku ba. Ku kun samu aku a kunne kuna ta gulma da shi.”

Ta yi murmushi don kada ya tsargu. Sannan ta laluba ƙugiyar da ke gefen tebur, ta ɗauko ɗaya abin kunnen, ta miƙa wajen da muryarsa take.

“Baba, ina so ka ji wani abu.”

“Na yau ne? Ai a gida nake ji.”

“Na yau ne, amma kafin in taɓa shi.”

Ta buɗe ɗanyen. Aku ya karanta mata: minti arba'in da uku. Ta kai alama farko, ta danna.

Sallamar ta fita lafiya. Wasiƙar farko, sunan mai aikowa ya maƙale, Baba na cikin na'ura ya gwada sau uku, ya bari. Sai shiru, numfashi mai nauyi, ƙarar takarda. Ya karanta layi ɗaya sau biyu bai lura ba. “Masu sauraro” ta fito a tauye, rabinta ya narke a baki. Almakashi ta san kowane rami a hanyar nan, amma ba ta taɓa bin ta da mai ita a zaune kusa ba. Kunya ta rufe ta, kamar ta buɗe masa ƙofa yana cikin sa kaya.

Minti biyar ya jure. Ta ji ya cire abin kunnen, ya ajiye a hankali. Ta tsayar.

“Haka nake yi?”

“Haka ne, Baba.”

“Ni na ɗauka sau biyu ne ko uku nake tuntuɓe.”

“Yau sittin da ɗaya na ƙirga, kuma ban kai ƙarshe ba.”

“To wanda nake ji ƙarfe biyar fa?”

“Kai ne. Sai dai wani wurin kai ne na shekara uku baya. Ina da kalmominka a ajiye, in ta yau ta ƙi, sai in sa waccan.”

“Tun yaushe?”

“Wata tara.”

A waje wani ya wuce yana waya, can ɗakin labarai ana gardamar ƙwallo. Ta shirya wa faɗa, har ta fi son ya yi faɗan.

“Ka yafe ni, Baba. Ban so a raba ka da shirin ba ne.”

“Na sani, 'yata.” Muryarsa ta yi ƙasa. “Ba shirin nake tunani ba. Uwar yaran nan ta fi wata shida tana bina in je a duba ni. Ta ce harshena ya yi nauyi, ta ce ina sakin kofi. Har kati ta yanko min a asibiti. Ni kuwa kullum biyar ta yi, sai in ɗauko rediyo in dire a gabanta, in ce to saurara, wannan ne marar lafiyar?”

Almakashi ta janye hannunta daga maɓallai.

“Jiya har haƙuri ta ba ni,” in ji shi. “Ta ce wataƙila kunnenta ne ya tsufa.”

Wata tara Almakashi tana hana kanta abincin rana, ashe wata baiwar Allah take ƙaryatawa a cikin gidanta.

Ya ja kujera baya, ya dafa tebur ya miƙe.

“Tura min wannan a waya. Yadda yake, kada ki cire ko numfashi ɗaya.”

“To, Baba. Maganar Asabar fa?”

“Zan bi ta ofishin Manaja yanzu. Da bakina zan faɗa masa, ai ba zai sha wahalar yarda ba.”

“Na ƙarfe biyar kuma? Ban kai rabi ba.”

“Ki ƙarasa. Mutane sun rubuto, a karanta musu.” Ya tsaya a bakin ƙofa. “Amma yau a gidana wannan ɗanyen za a kunna. Zan sa mata shi tun daga farko, in zauna a gabanta har ya ƙare.”